Tsatsar da Ido Ba Ya Gani

Ƙarfe biyu na dare a Songdo.
Teku ya janye, ya bar laka tana ƙyalli.
A hawa na shida, Pyo Ga-eun
ta ɗaga kwalbar da ba ta fi babban yatsa ba, ta saita ta da fitila.
Garau, tas, kamar hawayen jariri.
An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima.
A ɗakin nan ido baƙo ne.

Na'ura ce mai shaida, ita ma sai an yi mata haƙuri,
minti arba'in tana jan siririn layi a allo.
Babban tudu ya fito inda ake sa ransa.
A gabansa kuwa ga ɗan tozo
wanda bai kamata ya yi wannan tsayi ba.

Furotin zare ne da aka naɗe,
naɗin shi ne aikinsa, naɗin shi ne sunansa.
Makonni ƙwayoyin halitta suna saƙa shi cikin randar ƙarfe,
ana ba su sukari, ana ba su ɗumi,
har ya zama hannu
wanda ya san wuyan cuta guda tak.
Sai oksijin ya zo,
ya sami wani lungu da ake kira metiyonin,
ya zauna.
Ba ƙara, ba wari, ba sauyin launi.

Ƙarfe in ya yi tsatsa yakan yi ja, ya tona kansa.
Wannan tsatsa ba ta da kunyar ja.
Wani lokaci yatsa take kamawa, riƙo ya yi sako-sako.
Wani lokaci wutsiya,
sai jini ya kasa riƙe maganin,
baƙon da aka shirya wa kwana ashirin ya yi sallama da wuri.
Wani lokaci zare ya manne wa zare, su dunƙule,
jiki ya ga dunƙulen, ya ɗauka ɓarawo ne, ya ɗauko sanda.

Wa ya buɗe ƙofa?
Ta jera su a takarda da fensir:
fitilar baranda, inda kwalabe suka yi jiran awa tara;
ɗan gurzuwar ƙarfe daga bututu;
sauran tururin wanke ɗakin ɗuri, wanda bai gama fita ba.
Kowannensu ma'aikacin gidan ne.
Na ukun ma don tsabta aka kawo shi.

Da asuba Namgung Cheol ya shigo, lemarsa tana ɗiga.
Ya duba allo, ya cire tabarau, ya sake dubawa.
Iyaka biyar ce cikin ɗari. Wannan shida.
"Ɗaya kacal," in ji shi, ba da ita yake ba.
Kwalba dubu arba'in suna ɗakin sanyi,
mota za ta zo Laraba.
Ta ce, "Na maimaita sau uku."
Ya ce, "Na sani."
Ya daɗe yana murza murfin biro
kafin ya ɗauko jar takarda.

A karo na gaba za su rage hasken baranda,
su kori iskar saman kwalba da naitirojin,
su gwada zuba metiyonin na sadaka a cikin ruwan,
'yan gaba-dai-gaba-dai, su sha bugun
don hannun ya tsira da yatsunsa.
Wannan duk zancen gobe ne.

A ɗakin hutu, tuffar da ta yanka tun tsakar dare
ta yi ruwan ƙasa a kan faranti.
Ta tsaya kallonta.
Ta ja numfashi mai tsawo, ta cika ƙirji
da wanda ake zargi,
sannan ta cinye tuffar a tsaye,
don jirgin ƙasa na farko ba ya jira.